Me ke hana bakunan kuromosom ɗinmu mannewa da juna?

Ɗaliba_Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana ilimin halittu da ke cikinmu. An koya mana cewa duk lokacin da zaren DNA ya tsinke, ƙwayar halitta ba ta yin sanya, nan take take tsayar da rabuwa ta tura furotin masu gyara su haɗa wannan baki da wancan. To mu 'yan Adam kuromosom 46 ne a cikin ƙwayarmu, kowanne zare ne mai baki biyu, bakuna 92 ke nan. Me ya sa masu gyaran ba sa ɗaukarsu a matsayin tsinkewa su liƙe su da juna? Na san za a ce min telomiya ce ke wurin, amma ai ita ma telomiya DNA ce. Me ya raba bakinta da bakin da ya tsinke?

Ɗan_Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Abin da na sani, telomiya jerin haruffa shida ne, TTAGGG, da ke ta maimaituwa sau dubbai a ƙarshen kowane kuromosom. Da ƙwayar ta ga wannan jeri ta san nan ne iyaka, sai ta ƙyale shi.

Malamin_Halittu:
Wa alaikumus salam ɗalibata, Allah ya ƙara basira. Wannan tambayar ita ce ta riƙe masana shekara da shekaru.

@Ɗan_Gwammaja jerin da ka kawo daidai ne, amma shi kaɗai ba ya tsare komai. Akwai irin wannan jeri a tsakiyar wasu kuromosom ɗinmu, kuma masu gyara ba sa karanta haruffa su ce wannan wuri haramun ne. Su dai baki a buɗe suke nema. Amfanin jerin shi ne ya zama mazaunin wasu furotin guda shida da ke aiki tare, ana kiransu shaltarin: TRF1, TRF2, RAP1, TIN2, TPP1 da POT1. Titia de Lange, 'yar ƙasar Holan da ke aiki a Jami'ar Rockefeller a birnin New York, ita ta haɗa su ƙarƙashin wannan suna a 2005.

Ga yadda suke zaune. DNA igiya biyu ce a murɗe. A can ƙarshen telomiya igiyoyin ba sa ƙarewa tare, ɗaya takan zarce 'yar'uwarta da haruffa gommai zuwa ɗaruruwa, ta tsaya ita kaɗai. TRF1 da TRF2 suna kama sashen da igiya biyu ke haɗe. POT1 yana lulluɓe wadda ta zarce. TIN2 na tsakiya, yana riƙe da TRF1 da TRF2, kuma yana riƙe da TPP1, shi kuma TPP1 yana riƙe da POT1. RAP1 a jikin TRF2 yake maƙale.

Ƙwayar halitta na da manyan masu shelar ɓarna guda biyu, ATM da ATR. ATM yana tashi idan ya ga igiya biyu sun yanke. ATR yana tashi idan ya ga igiya ɗaya a tsirara. TRF2 ne ke hana ATM motsi, POT1 kuma ya hana ATR. Amsar tambayarki a taƙaice ke nan: bakin da ya tsinke tsirara yake, bakin kuromosom kuwa yana da masu tsaronsa.

Ɗaliba_Samaru:
Na gode ƙwarai Malam. Na gane na POT1, tunda rufe igiyar yake yi. Amma TRF2 fa? Idan a jikin zaren yake zaune, ba a kan bakin ba, ta yaya yake ɓoye bakin?

Malamin_Halittu:
A nan abin ya fi ƙayatarwa. A 1999 Jack Griffith tare da de Lange sun ciro telomiya suka duba ta da madubin ilektiron, sai suka ga ba a miƙe take ba. Ƙarshen ya lanƙwaso baya ya yi zobe, igiyar nan da ta zarce ta kutsa tsakanin igiyoyi biyun da ke can baya ta manne da ɗaya daga cikinsu, tunda haruffan duk iri ɗaya ne. Babu sauran baki a waje da za a gani. TRF2 ne ke sa wannan zobe ya ƙullu kuma ya zauna.

Da aka cire TRF2 daga ƙwayoyin ɓera, hoton da aka samu abin tsoro ne. Kuromosom sun manne baki da baki, wannan bayan wancan, sun zama doguwar sarƙa. Wato dai ainihin abin da kika yi tambaya a kansa, ga shi ya faru. Kuma jerin TTAGGG yana nan a mahaɗar, ba a taɓa shi ba. Shi ya sa na ce jerin shi kaɗai ba ya tsaro.

Tela_Kwari:
Malam, ni ba ɗan boko mai zurfi ba ne, amma wannan bayani ya shige ni. A wajenmu idan ka yanka yadi ka bar bakinsa haka, zare zai yi ta warwarewa, ko ya sarƙe da na wani a wajen wanki. Dole ka kalmasa bakin ka bi shi da ɗinki. In na fahimta, zoben nan kalmasa ce, shi kuma TRF2 ɗinkin da ya riƙe ta.

Malamin_Halittu:
Maigida Tela, ka kamo ta daidai.

Hajiya_Ummi_Kd:
Don Allah ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan, don abin ya shafe ni. Akwai wata mata da ke tallan wasu ƙwayoyi a rukuninmu na WhatsApp, ta ce suna ƙara tsawon telomiya, suna mayar da tsohuwa yarinya. Yayata ta saya da kuɗi masu yawa, har da na adashinta, tana sha safe da yamma. Abin da ya fi damuna, ta fara wasa da maganin hawan jininta saboda an ce mata wannan ya wadatar. Ashe da gaske akwai telomiyar. To maganin fa, gaskiya ne?

Dakta_Jini:
Hajiya, kafin komai, don Allah ki roƙi yayarki ta koma kan maganin hawan jininta yau ɗin nan. Wannan ba ya jiran muhawara.

Batun ƙwayoyin kuwa, babu wani maganin da aka tabbatar yana mayar da tsufa baya ta hanyar tsawaita telomiya. Masu tallan sun ɗauki rabin gaskiya ne. Gaskiya ne telomiya na raguwa. Jariri na zuwa da haruffa wajen 10,000 zuwa 15,000, kuma duk rabuwar da ƙwaya ta yi ana rasa kimanin 50 zuwa 100, saboda na'urar kwafar DNA ba ta iya kaiwa ƙarshen zare. Alexey Olovnikov na Rasha ya hango wannan tun 1971. Kafin shi, a 1961, Leonard Hayflick ya nuna ƙwayoyin mutum da aka rena a kwalba sukan rabu sau 40 zuwa 60 su tsaya. Idan telomiya ta gajarce sosai, furotin shida da Malam ya lissafa ba sa samun isasshen wurin zama, ATM da ATR su tashi, ƙwayar ta daina rabuwa ko ta mutu.

Ɗaya rabin da ba sa faɗa shi ne, wannan tsayawar kariya ce daga kansa. Ƙwayar da ta fara lalacewa tana rabuwa ba ƙaƙƙautawa, ƙarewar telomiya ce ke taka mata birki. Kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na cututtukan kansa sai da suka kunna telomaraz, sinadarin da ke ƙara wa telomiya tsawo, kafin suka samu damar yaɗuwa. Saura kuma suna bin wata hanya ta kwafar telomiya daga wani kuromosom.

Akwai iyalai da ke gadon canji a ƙwayar gadon POT1, telomiyarsu doguwa ce fiye da ta sauran mutane. An fara danganta wannan da kansar fata mai bin dangi a 2014. A 2023 ƙungiyar Mary Armanios a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta bibiyi irin waɗannan iyalai, ta tarar da ƙari iri-iri da cututtukan jini sun yi musu yawa. Saboda haka ko da ƙwayoyin maganin nan na yin abin da ake cewa suna yi, ni ba zan ba mahaifiyata ba.

Hajiya_Ummi_Kd:
Innalillahi. Na gode Dakta, yanzu zan kira ta.

Abu_Sumayya:
Ni fa ina da ja a kan wannan zance gaba ɗaya. Ajali na hannun Allah. Yaya za a ce wani zare a cikin jiki shi ke ƙirga kwanakin mutum?

Malama_Kimiyya_Katsina:
Malam Abu Sumayya, babu wanda ya faɗi haka a nan, kuma binciken ma bai faɗa ba. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa ƙwaya guda za ta iya rabuwa, ba shekarun mai ita ba. Ɓeran ɗakin bincike telomiyarsa ta ninka tamu tsawo sau da yawa, amma shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da na tsokar zuciya galibinsu ba sa rabuwa bayan mutum ya girma, duk da haka suna tsufa ta wasu hanyoyi. Jajayen ƙwayoyin jininmu ma ba su da kuromosom sam. Mutum biyu sa'annin juna za ka iya samun tazara mai yawa a tsawon telomiyarsu, kuma babu likitan da zai duba ya ce wane zai riga wane. Sanin yadda aka gina jiki bai ci karo da imani da ajali ba, ni ƙara min tsoron Allah yake yi.

Abu_Sumayya:
To idan haka ne babu laifi. Masu tallan ne ke sa abin ya zama kamar an gano sirrin rayuwa.

Ɗan_Maraɗi:
Ina gaida kowa. Ni tarihin abin ne ya ɗauki hankalina. Tun kafin a san siffar DNA aka lura da wannan. Hermann Muller yana harba hasken X a kan ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace, a 1938 ya bayyana cewa guntayen da suka karye suna mannewa da juna, amma bakin asali ba ya mannewa da kowa. Barbara McClintock kuma a masara ta gani, wajen 1939 zuwa 1941: kuromosom da ya rasa bakinsa yana mannewa da wani, wajen rabuwa a ja shi ta gefe biyu ya sake karyewa, ya sake mannewa, haka ta yi ta zagayawa. Da madubin ƙara girman abu kawai da haƙuri ta gano wannan, tana duba ƙwayoyin masara ɗaya bayan ɗaya.

Malamin_Halittu:
Haka ne @Ɗan_Maraɗi, kuma wannan zagayen na karyewa da mannewa da ta gani a masara, shi ake gani yau a cikin ƙwayoyin kansa da telomiyarsu ta ƙare amma suka ƙi tsayawa. Jerin haruffan kuwa Elizabeth Blackburn da Joseph Gall suka fara karanta shi a 1978, a jikin wata ƙaramar halittar ruwan kududdufi mai suna Tetrahymena, nata TTGGGG ne. Carol Greider tana ɗalibar Blackburn a Jami'ar California da ke Berkeley ta ga alamar telomaraz ta farko a ranar Kirsimeti ta 1984. Blackburn da Greider tare da Jack Szostak suka karɓi kyautar Nobel a 2009.

Ɗan_Gwammaja:
To Malam, tunda telomaraz na ƙara tsawo, me ya hana ya yi ta ƙarawa a jikinmu?

Malamin_Halittu:
A mafi yawan ƙwayoyin babban mutum a kashe yake. Yana aiki a ƙwayoyin haihuwa, da ɗan kaɗan a ƙwayoyin tushe, wato masu haifar da sababbin ƙwayoyi, irin na ɓargo da fata da hanji. Ko a inda yake aiki ma ba ya zuwa da kansa, TPP1 ne ke janyo shi zuwa bakin kuromosom. Kuma yawan shaltarin da ke kan telomiya shi ke nuna tsawonta: idan ta yi tsawo furotin sun yi yawa, sai su rage wa telomaraz hanya. Masu tsaron su ne kuma masu awo.

Nas_Mai_Dare:
Dakta, akwai cutar da ake gani a asibiti wadda ta fito daga lalacewar waɗannan furotin kai tsaye? Duk zancen kamar na ɗakin bincike ne.

Dakta_Jini:
Akwai, Sista, duk da ba ta da yawa. Sunanta diskeratosis konjenita. Alamominta uku da aka sani: farata su lalace su yi tsage-tsage ko su ƙanƙance, fatar wuya da ƙirji ta yi dabbare-dabbare kamar raga, sannan farin tabo a harshe ko cikin kumatu wanda ba ya gogewa. Abin da ke kisa shi ne ɓargo ya gaza, jini ya yi ta ƙarewa. An gano ƙwayar gado ta farko da ke jawo ta, DKC1, a 1998. A 2008 aka gano canji a ƙwayar gadon TIN2, kuma yaran da ke da wannan sukan kamu da wuri, da tsanani. A manya kuwa gajeriyar telomiya ta gado takan fito a matsayin taurarewar huhu, mutum ya yi ta busasshen tari da haki, wani lokaci har da hanta.

Dalilin da ya sa nake son ma'aikatan lafiya su san da ita: mu a nan yaro na zuwa da ƙarancin jini, hankalinmu kan tafi ga sikila, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko rashin abinci, kuma daidai ne, su ne suka fi yawa. Amma idan an yi ta ƙarin jini ba sauyi, fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini su ma sun yi ƙasa, ki kama hannun yaron ki dubi faratansa, ki sa ya buɗe baki. Ki tambayi uwar ko akwai wanda ya yi furfura tun yana saurayi a dangi, ko wanda ciwon huhu ya ɗauke. Ba ya cin minti biyu.

Nas_Mai_Dare:
Allah ya saka da alheri Dakta. Farata kam ba kasafai muke dubawa ba sai don ganin ko sun yi fari.

Likitan_Shanu:
Bari in shigo da nawa fannin, don wannan magana ta iso har rugar Fulani. Ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke ɗauka, mai jawo sammore a shanu da ciwon barci a mutane, ita ma tana da telomiya, kuma jerinta TTAGGG ne irin namu. Jikinta a rufe yake da riga ta furotin iri ɗaya mai suna VSG. Garkuwar jikin saniya na gane rigar ta fara kashe su, sai 'yan kaɗan su sauya wata rigar daban su sake yaɗuwa. Shi ya sa za ka ga zazzaɓin na tashi yana sauka, saniya na ramewa a hankali, gashi ya tashi, ido na hawaye. Ƙwayar cutar tana da ƙwayoyin gadon riga fiye da 1,000, amma ɗaya tak take amfani da ita a lokaci guda, kuma wuraren da ake karanta su suna dab da telomiya.

A 2009 ƙungiyar Bibo Li a Amurka ta nuna cewa a Trypanosoma brucei, wato ƙwayar cutar nan, RAP1 ne ke rufe bakin sauran wuraren. Da suka rage shi, sai ƙwayar ta fara fitar da riguna da yawa a tare. Ita wannan Bibo Li ɗin ce ta gano RAP1 na mutum a 2000, lokacin tana ɗakin binciken de Lange. Wannan sauya riga shi ne babban abin da ya hana a samu allurar rigakafin sammore har yau. Muna da cibiyar binciken wannan cuta a Kaduna, ina fata matasanmu masu karatun halittu su waiwayi wannan ɓangare.

Malama_Kimiyya_Katsina:
Dakta, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ma haka take. Plasmodium falciparum na da ƙwayoyin gado kusan 60 da ake kira var, yawancinsu kusa da telomiya, tana kunna ɗaya ta kashe saura. Yana daga cikin dalilan da yaro zai yi ta kamuwa sau da yawa kafin jikinsa ya fara sabawa.

Sadauki_92:
Na taɓa karanta cewa wani ɗan sama-jannati telomiyarsa ta ƙaru a sararin samaniya. Gaskiya ne?

Malamin_Halittu:
Gaskiya ne. Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar sararin samaniya daga 2015 zuwa 2016, ana gwada shi da tagwayensa Mark da ke ƙasa. Telomiyar fararen ƙwayoyin jininsa ta ƙara tsawo yana can, da ya sauko ta ragu cikin 'yan kwanaki. Bai dawo yaro ba.

Ɗaliba_Samaru:
Malam, bari in dawo da mu baya kaɗan. Idan bakin a kalmashe yake cikin zobe, yaya ake kwafarsa lokacin da ƙwayar za ta rabu? Ai dole a buɗe. Kuma idan an buɗe, a wannan lokacin me ke hana ATM tashi?

Malamin_Halittu:
Dole a buɗe, haka ne. Akwai wani furotin mai warware DNA, RTEL1, wanda TRF2 da kansa ke kirawo shi a daidai lokacin kwafa ya kwance zoben. TRF1 kuma yana taimaka wa na'urar kwafa ta ratsa jerin, don yawan harafin G na sa igiyar ta dunƙule ta toshe hanya. Bayan an gama, sai a ɗan datse igiya ɗaya don ɗayar ta sake zarcewa, wasu furotin uku da ake kira CST su cike abin da ya wuce kima, zoben ya koma. Kuma ko a buɗe yake, TRF2 na da hanya ta biyu da yake danne saƙon ɓarnar kafin ya kai ga masu liƙewa.

Dakta_Jini:
Malam, in ƙara wani abu da ya sa ba na ɗaukar labarin TRF2 a matsayin wanda aka rufe. A ƙarshen 2020 ƙungiyoyi biyu daban-daban suka cire TRF2 daga ƙwayoyin tushe na ɗan tayin ɓera, ƙwayoyin suka ci gaba da rabuwa, kuromosom ba su yi sarƙar nan ba. Ɗaya ƙungiyar ma ta ga zoben yana ƙulluwa ba tare da TRF2 ba. Da ƙwayoyin suka girma suka zama na wani sashe na jiki, sai buƙatar TRF2 ta dawo.

Malamin_Halittu:
Na san aikin, Dakta, amma ni a ganina ƙarfafa batun zoben ya yi. Inda zobe ya ƙullu, baki ya tsira, ko da wa ya ƙulla shi.

Dakta_Jini:
Zai yiwu. Sai dai ɗaya ƙungiyar ta fi jingina abin ga yadda waɗannan ƙwayoyi ke sassauta shelar ɓarna a telomiya. Idan haka ne, ba zoben kaɗai ke aiki ba, yanayin ƙwayar ma na da hannu.

Likitan_Shanu:
Kuma ƙudan da Muller ya yi aiki da shi ba shi da telomaraz ma, ba shi da jerin TTAGGG, furotin ɗin da ke tsare bakinsa wasu ne daban. Duk da haka kuromosom ɗinsa ba sa mannewa.

Ɗaliba_Samaru:
To Malam, a ƙudan akwai zobe ko babu? Idan babu, ina ganin maganar Dakta na da ƙarfi.

Hajiya_Ummi_Kd:
Dakta, na samu yayata, ta ce za ta koma kan maganinta. Tana tambaya ko ta je a auna jinin tukuna ko ta fara sha kawai, tunda ta ɗan jima da dainawa.

Dakta_Jini:
Ta je asibiti ko kyamis mafi kusa a auna ta yau, Hajiya, ta tafi da kwalin maganin hawan jinin da kuma robar ƙwayoyin da ta saya, likitanta ya ga duka biyun.